A Yi Hattara Da Manhajojin Da Ke Yi Wa Tsohuwar Waya Rutin Da Dannawa Ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin masu tsofaffin wayoyin Android game da manhajojin nan da ke yi wa waya rutin, wato buɗe cikakken iko a kan tsarinta, da dannawa ɗaya, irin su KingRoot da KingoRoot da iRoot da Framaroot da Towelroot. Tsadar sabuwar waya ta sa jama'a da yawa sun koma lallaɓa tsoffin da ke hannunsu, kuma duk wanda ya yi kukan wayarsa ta cika ko tana nauyi ba ya rasa mai ce masa, "Ai rutin za ka yi mata, minti biyu ne." Minti biyun gaskiya ne. Abin da ba a faɗa masa shi ne ta inda manhajar ke bi ta shiga, da kuma wanda ke riƙe da ragamar wayar bayan an gama.

An gina Android ne a kan Linux, kuma a tsarinsa kowace manhaja tana da nata keɓaɓɓen wuri da wata ba ta isa ta leƙa ba. Shi ya sa wasan da yaro ya sauke ba ya iya buɗe bayanan manhajar banki. Akwai asusu guda ɗaya da wannan doka ba ta hau kansa ba, shi ne root, kuma kamfanoni suna rufe shi kafin waya ta fito kasuwa. Hanya biyu ake bi a kai gare shi. Ta farko ita ce a buɗe bootloader, wato manhajar da ke tayar da waya idan an kunna ta, da yardar kamfanin, kuma da gangan aka tsara cewa buɗewar tana goge duk abin da ke cikin wayar, don kada ɓarawo ya bi ta nan ya kwashi bayanan mai ita. Ta biyu ita ce a nemo wata ɓaraka a cikin tsarin a kutsa ta nan. Duk manhajojin dannawa ɗaya ta biyun suke bi, shi ya sa ba sa goge komai kuma ba sa neman kwamfuta. Misalinsa shi ne mutum ya ɓatar da makullin ɗakinsa, ya ɗauko mai fasa gidaje ya buɗe masa, shi kuma ya sa sabon kwaɗo ya riƙe makulli guda a aljihunsa.

Ga yadda abin ke gudana a mafi yawansu idan an danna madannin. Manhajar tana karanta samfurin wayar da lambar Android da ta kernel, wato zuciyar tsarin, da irin guntun da ke cikinta, ta aika wa uwar garken masu ita. Dalilin da ya sa take dagewa sai an kunna data ke nan. Daga can ake turo mata dabarun kutsen da ake jin za su ci wannan waya, ta riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Idan wayar ta mutu ta sake tashi ana tsakiyar aiki, wata dabarar ce ta rikita kernel. In ɗaya ta ci, sai ta buɗe ɓangaren system, inda fayilolin Android kansa suke, wanda a da ana iya karanta shi amma ba a iya rubutu a cikinsa, ta ajiye fayil mai suna "su", wanda ke ba da ikon root, a /system/xbin, ta liƙa wani ɗan umarni da zai riƙa tashi duk lokacin da aka kunna wayar, sannan ta dasa manhajar da za ta riƙa ba da izini, kamar KingUser, a sahun manhajojin kamfani.

Ɓarakokin nan sanannu ne, kowace da tarihinta. Towelroot, wadda George Hotz ya fitar a watan Yunin 2014, ta dogara ne da wani kuskure a sashen futex na kernel ɗin Linux. PingPongRoot ta 2015 ta ci Galaxy S6. Dirty COW, da aka bayyana a Oktoban 2016, ta shafe kusan shekara tara a cikin Linux kafin a toshe ta. Wayoyin da abin ya fi ci su ne masu Android 4 zuwa 5.1, sai kaɗan daga masu 6.0. Daga nan ƙofar ta yi ta ƙuntata: an tsaurara SELinux, tsarin tsaron da ke taƙaita ikon manhajoji, gaba ɗaya a Android 5.0, Google ya fara fitar da gyaran tsaro duk wata a 2015, sannan daga Android 7.0 waya na iya ƙin tashi sam idan ta ga an taɓa system. Saboda haka duk shafin da ya ce zai yi wa waya mai Android 10 ko 12 rutin da dannawa ɗaya, ko talla yake so a kalla, ko bairos yake rabawa. An dai samu wata dabarar kutse mai suna mtk-su, wadda ta ci wayoyi da dama masu guntun MediaTek irin MT6737 da MT6739 da MT6765 kafin a sa gyaranta a jerin gyaran tsaron Android na Maris ɗin 2020, amma ita ma rutin ɗinta na wucin gadi ne, da an kashe wayar ya tafi.

Babbar matsalar, a ganina, ba lalacewar waya ba ce, duk da ita aka fi tsoro. Matsalar ita ce amana. Mafi yawan waɗannan manhajoji a rufe lambobinsu suke, ba wanda ke waje da zai duba ya tabbatar da abin da suke aikawa gida. Tun a 2013 dandalin XDA, inda masanan wannan harka ke haɗuwa, ya hana tallata KingoRoot da vRoot (tsohon sunan iRoot) saboda bayanan waya da aka ga suna tattarawa. KingRoot kuwa ta yi suna wajen ƙin sauka daga kujera: masu son maye gurbinta da SuperSU, wata manhajar ba da izinin root, sai da suka riƙa ƙirƙiro wasu dabaru na daban. Wannan fa a zamanin da masu su ke kula da su ke nan. Yau kwafin da ake samu daga shafukan da ba a san masu su ba yake fitowa, ko ta Xender daga wayar aboki, kuma ba mai tabbatar da cewa ba a kwance shi an cusa wani abu an sake ɗaurewa ba. Idan Play Protect, mai binciken manhajoji na Google, ya yi gargaɗi, umarnin da ke shafin cewa yake a kashe shi. Mutum da hannunsa yake sallamar mai gadi.

Me manhaja mai root ke iya gani? Duk saƙonnin tes, har da lambar OTP da banki ke turowa, kuma tana iya goge saƙon kafin mai wayar ya gani. A wayoyin da ba su wuce Android 7 ba, kalmomin sirrin duk Wi-Fi da aka taɓa shiga suna nan a rubuce ƙarara cikin fayil ɗin wpa_supplicant.conf. Makullin da ke buɗe ajiyar hirarrakin WhatsApp yana cikin babban fayil ɗin manhajar, root na ɗauko shi. Haka shaidar shiga asusun Google, wadda ke ba da damar buɗe Gmail da hotuna ba tare da kalmar sirri ba. Tana iya ɗaukar hoton allo, ta san inda yatsa ya taɓa, ta buga lambar USSD da kanta. A Najeriya kuwa layin waya shi ne ƙofar asusun banki. Da shi ake tura kuɗi ba tare da data ba, kuma wanda ke iko da layin yana iya buga *565*0# ya ga lambar BVN. Wanda ya yi wa wayar da ke ɗauke da wannan layi rutin da manhajar da bai san asalinta ba, ya yi ganganci da dukiyarsa, ko da kuwa naira dubu biyar ce a asusun.

Akwai wani abu da masu murnar ganin "Root succeeded" ba sa lura da shi. Nasarar kanta mummunan labari ce, domin ta nuna ɓarakar tana nan a buɗe, kuma yin rutin ba ya toshe ta. Duk wata manhaja da ta san hanyar za ta bi ta shiga ba tare da neman izinin kowa ba. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun kwance manhajar wani babban kamfanin rutin, suka zaro dabarun kutse fiye da 160, suka nuna cewa mai mugun nufi na iya kwashe su ya yi aikinsa da su. Haka kuwa aka yi ta gani. A ƙarshen 2016 kamfanin Check Point ya bayyana wani bairos mai suna Gooligan, wanda ya yi amfani da dabarun VROOT da Towelroot a wayoyi masu Android 4 da 5 ya shiga asusun Google fiye da miliyan 1. A shekarar ne kuma aka gano HummingBad a wayoyi kimanin miliyan 10. A 2017 aka ba da rahoton CopyCat, wanda ya shiga wayoyi miliyan 14 ya yi wa kusan miliyan 8 rutin a ɓoye.

Irin wannan bairos ba ya fita da fomatin, kuma nan ne mutane ke ɓata lokacinsu. Factory reset ɓangaren data da cache kawai yake gogewa, ba ya taɓa system. Abin da ya dasa kansa a system yana nan daram, wani ma yakan sa wa fayil ɗinsa alamar da ke hana gogewa ko da root. Sai a goge waya tas, a kunna data, kafin a jima tallace-tallace sun dawo suna rufe allo, manhajoji na sauka da kansu, katin da aka loda na zurarewa zuwa rajistar da ba a yi ba. Nahiyarmu ta ga yadda abin yake a 2020, lokacin da kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun bairos ɗin Triada da xHelper a wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu. A wancan karon ba masu wayoyin ne suka yi rutin ba, tun a hanyar haɗa wayar aka sa shi, kuma Transsion, kamfanin da ke ƙera Tecno, ya ce ya fitar da gyara. Na kawo shi ne don a ga wahalar cire abin da ya riga ya zauna a system. Mai dannawa ɗaya irin wannan mazauni yake shimfiɗa wa baƙon da bai sani ba.

Sai batun lalacewa. Mafi sauƙinta ita ce waya ta maƙale a tambarin kamfani tana ta mutuwa tana tashi. Wani lokaci wurin rubuta system ne aka samu tangarɗa, musamman in batir ya ɗauke ana cikin aiki ko ma'adanar cikin wayar ta tsufa. Amma akasari mai wayar ne ke jawo ta bayan rutin ya yi: ya shiga goge manhajojin kamfani, ya haɗa da SystemUI ko launcher ko manhajar kira ko allon rubutu, sai wayar ta tashi da baƙin allo ko ta yi ta cewa abu kaza ya tsaya. Wasu kuma sabuntawar kamfani suke karɓa bayan rutin, ita kuwa tana duba ko fayilolin system suna yadda aka bar su, in ta ga an canja sai ta tsaya a rabi.

Daga nan sai filashin, wato sake ɗura wa waya firmware, manhajar tsarinta ta kamfani, inda ƙaramar ɓarna ke zama babba. A wayoyin MediaTek, wato mafi yawan tsofaffin Tecno da Infinix da wasu itel, da SP Flash Tool ake aikin tare da fayil ɗin scatter, wanda ke nuna yadda aka rarraba ma'adanar wayar. Waya samfuri ɗaya tana iya fitowa da fanel iri biyu ko uku, allonsu ko ma'adanarsu daban. In aka ɗura mata preloader na wata, wato manhajar farko da ke tayar da fanel, sai ta mutu murus, ba haske ba caji, kwamfuta ma da ƙyar take ganinta. In kuma aka zaɓi "Format All + Download", an share NVRAM, wurin da lambar IMEI da saitin sabis suke. Wayar za ta tashi lafiya lau amma ta rubuta "Invalid IMEI", layi ya ƙi hawa, a jerin Wi-Fi kuma a ga "NVRAM WARNING: Err = 0x10". A Samsung ɓangaren EFS ne ke riƙe da wannan bayani, kuma a yawancin samfuransu masu tsarin tsaron Knox akwai wani ɗan fis a cikin guntu da ke ƙonewa ya koma 0x1 da zarar an ɗura abin da ba na kamfani ba. Ba ya gyaruwa, kuma Secure Folder, wurin ɓoye bayanan sirri, ya tafi ke nan.

To me aka samu bayan duk wannan kasada? Abin da aka fi nema shi ne fili, kuma nan ne aka fi yaudarar mutane. Ma'adanar waya a rarrabe take, system daban, data daban, kowanne da girmansa da aka yanka tun daga kamfani. A waya mai 8GB, system da sauran ƙananan sassa sun riga sun cinye kaso mai yawa. Ka goge manhaja goma daga system, filin da ya buɗe a system yake zama, hotunanka da WhatsApp ba za su amfana da ko 1MB daga ciki ba. RAM mai 1GB kuma 1GB zai ci gaba da zama, manhajojin da ke cewa suna ƙara shi da katin memori sai dai su gajiyar da katin. Rutin ba ya mayar da Android 4.4 ya zama 5.0, alhali tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a ƙasa da 5.0, Google ma ya daina sabunta Play services na 4.4 a shekarar. Masu canja lambar Android a fayil ɗin build.prop suna yi wa kansu kwalliya ne kawai, in kuma suka taɓa layin sdk wayar na iya ƙin tashi. A gefe guda, manhajojin banki da yawa suna duba ko an yi wa waya rutin su ƙi buɗewa. Garin neman gira a rasa ido.

Abin da ke buɗe fili da gaske ba ya buƙatar root. A shiga Settings, a je Apps, a zaɓi manhajar kamfanin da ba a amfani da ita, a danna Uninstall updates sannan Disable. Sabuntawar da ta tara a ɓangaren data take zaune, don haka wannan filin naka ne. A buɗe babban fayil ɗin WhatsApp: a cikin Databases akwai tsofaffin ajiya masu kwanan wata a sunansu, a bar na ƙarshe a goge sauran, a cikin Media akwai Sent a ƙarƙashin bidiyo da hotuna, inda kwafin duk abin da aka taɓa turawa ke taruwa. A duba .thumbnails a cikin DCIM, yakan kumbura sosai a tsofaffin wayoyi. A koma Facebook Lite. Daga Android 6.0 wasu wayoyi suna yarda a mayar da katin memori ma'adanar ciki, amma sai da kati na gaske mai Class 10 ko A1, domin jabun kati in ya mutu da duk abin da ke kansa yake tafiya. Manhajar da ta ƙi karɓar Disable kuwa, a taɓa Build number sau 7 a buɗe Developer options, a kunna USB debugging, a haɗa da kwamfuta mai ADB, manhajar da ke aika wa waya umarni, a rubuta adb shell pm uninstall -k --user 0 da sunan kunshin manhajar. Wannan yana ɗauke ta daga gaban mai waya ya hana ta cin RAM, kuma in an yi kuskure fomatin na dawo da ita. A kashe USB debugging bayan an gama.

Ban ce rutin haramun ne ba. Ɗalibin da ke son sanin cikin Android, ko mai son mayar da tsohuwar waya abin sauraron karatu, yana da hujjarsa. Sai dai ya yi a wayar da ba ta ɗauke da layin banki, kuma ya bi ta ƙofa. Ya cire layi da memori, ya cire asusun Google tukuna don kada makullin FRP, wanda ke neman tsohon asusun Google bayan an goge waya, ya tare shi. Ya buga *#06# ya rubuta IMEI a takarda. Batir ya haura kashi 60 cikin 100. Kafin ya taɓa komai ya sauke ainihin firmware da ya yi daidai da Build number ɗin wayarsa harafi da harafi, in MediaTek ce ya yi Readback ya ajiye kwafin nvram da nvdata. Sannan ya kunna OEM unlocking, ya buɗe bootloader da fastboot, ya ɗauko manhajar rutin ta Magisk daga shafin mai shi John Wu a GitHub, inda kowa ke iya duba lambobinsa, ya gyara boot.img na wannan firmware ɗin da shi ya ɗura. Sababbin fitowar Magisk daga Android 6.0 suke farawa. Xiaomi kan sa a jira kwanaki kafin a buɗe, Huawei kuwa ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. In wayar na cikin jerin da LineageOS, wani Android da masu sa kai ke haɗawa, ke tallafawa, ɗura shi ya fi rutin amfani nesa ba kusa ba, don yana zuwa da gyaran tsaron da kamfani ya daina bayarwa, sai dai ba kasafai ake samun Tecno ko itel a jerin ba. Wayar da bootloader ɗinta ya ƙi buɗuwa, a bar ta yadda take.

Wanda ya riga ya danna, kada ya dogara da madannin Unroot, domin ba abin da ke tabbatar masa an kwashe komai. Ya kwashe hotuna da lambobinsa, amma ban da fayilolin APK. A yi wa wayar cikakken filashin da firmware na asali, da "Download Only", a cire alamar preloader in dai wayar na tashi. Daga wata wayar daban ya canja kalmar sirrin Google, ya fitar da na'urorin da bai gane ba daga asusun, ya canja lambar sirrin banki da ta USSD, ya sa wa layinsa PIN. Ya buga *305# ya duba rajistar da ke cin katinsa ya soke.

Masu sayen ta hannu a Farm Centre ko Beirut Road a Kano da sauran kasuwannin waya, ku buɗe jerin manhajoji kafin ku biya kuɗi. In kun ga KingRoot ko KingUser ko Purify ko SuperSU ko Superuser, an taɓa cikinta. Ku gwada lambar da *#06# ya nuna da wadda ke rubuce a ƙarƙashin batir ko jikin kwali, in sun saɓa wataƙila an canja IMEI, kuma ba ku san daga inda wayar ta fito ba. 'Yan'uwana masu gyara kuma, idan kwastoma ya kawo waya ya ce a yi mata rutin, a fara tambayarsa ko layin bankinsa na ciki da kuma abin da yake son samu. In fili ne, aikin minti goma ne a Settings da babban fayil ɗin WhatsApp. In kuma dole sai an yi filashin, a ajiye kwafin NVRAM kafin a danna Download.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran wayoyi,
Kano.